Wasiƙa: Taurin bayan gida ga mai shanyewar ɓarin jiki da maganar shayin Chana

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah ina roƙon ka bani ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, nasan wasu zasu ce ai wannan ba maganar jarida bace, to amma Hausawa sunce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar bayan gida ce, bayan gidan mutumin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, da kuma irin magungunan da ake kawo mana har ƙauye da sunan maganin Chana.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta ɓangaren Gumel. Bara bayan an gama yankan gero mahaifina ya faɗi yana cikin alwalar asuba, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki. Kwananmu 11 a asibiti, kuma tsakani da Allah sunyi ƙoƙari, sun saukar da jinin, sun nuna mana yadda ake juya shi saboda kar bayansa yayi gyambo, sun rubuta mana ranar da zamu dinga kaishi gashi. Amma babu wanda ya ce mana uffan akan bayan gida, mu ma bamu tambaya ba saboda ko a ranmu bamu kawo ba. Da muka dawo gida sai da Baba yayi kwana 9 bai zaga ba kuma bai faɗawa kowa ba. Dattijo ne mai kunya, mutumin da duk rayuwarsa ko 'ya'yansa basu taɓa ganin shigarsa bayi ba yanzu ace sai an ɗauke shi an ɗora akan fo, sai ya gwammace ya rage cin abinci ya daina shan ruwa dan kar ya wahalar da mu. Inna ce ta lura, ta kirani gefe tace kai cikin Malam fa ya ɗaure, dubi yadda yake tura tuwon gefe.

Ranar Alhamis Yayana yaje kasuwar Maigatari ya dawo da wani kwali mai rubutun Chana, yace wani mai mota da lasifika ne yake sayarwa, wai yana wanke ciki yana narkar da kitse yana maganin hawan jini harda shanyewar jikin ma. Muka dafa muka bashi. Malam Edita daren nan bamu rintsa ba, murɗar ciki da gudawa har gari ya waye, da safe idonsa ya faɗa leɓensa ya bushe ko zama baya iya yi sai jiri. Bayan kwana uku kuma cikin ya sake ɗaurewa fiye da na farko. Ban ga laifin Yaya ba, tausayi ne ya sa shi, kuma dani aka dafa.

Anan ne na kira ɗan kawuna wanda yayi karatun likita a ƙasar Sin, raina a ɓace nake ce masa ga abinda maganin mutanenku yayi mana. Sai yace Yaya ka kwantar da hankalinka ka ɗauko min hoton bayan kwalin. Da ya duba yace ai babban abinda ke ciki ganyen da suke kira fan xie ye ne, wato ɗan'uwan filasko ɗinmu, wanda masu maganin Musulunci suke cewa sanamaki. Yace Yaya ko a Chana ƙwararren mai maganin gargajiya bazai baiwa tsoho mara ƙarfi wannan haka kawai ba. Daga ranar ya dinga turo min bayanai ina karantawa da daddare in na samu caji, kuma abinda na fahimta shine nakeso 'yan'uwana su sani, saboda gidajen da ake jinyar irin wannan ciwo a yankinmu sun fi a ƙirga.

Da farko matsalar ba Baba kaɗai ta sama ba. Wani bincike da aka yi a birnin Guangzhou aka wallafa a 2009 ya bi mutum 154 da ciwon ya kama karon farko, sama da rabinsu sun samu taurin bayan gida cikin sati 4. Kuma dalilan a fili suke in ka zauna kayi tunani. Mutum yana kwance hanji baya motsi kamar da, haɗiya ta zama wahala yana ƙwarewa sai ya guji ruwa, abincin ya koma koko da shayi da burodi babu ganye, ga wasu magungunan da kansu suna ɗaure ciki irin su tiramol da kodin da maganin ƙarin jini da wasu daga cikin na hawan jini, sannan ga kunya wadda ni a ganina a ƙauye ita ce kan gaba. Hatsarin kuma shine yunƙuri, in mutum ya riƙe numfashi yana nishi da ƙarfi jini yana hawa a lokacin, kuma wannan mutum ne da jijiyar kansa ta riga ta samu matsala.

Abin da ya fara bani mamaki shine sunan da 'yan Chana suke kiran ciwon, zhongfeng, ma'anarsa bugun iska. Nace ikon Allah, mu ma ai da anga baki ya karkace sai ace iska ce ta shafe shi. Sai dai su iskar da suke nufi ba aljanu bace, wani salon bayani ne na likitocinsu na da akan abinda ke faɗowa jiki farat ɗaya. Kuma tun da daɗewa sun lura cewa ciwon yana tafiya da ɗaurewar ciki. Wani likitansu Wang Qingren a littafin da ya fitar a 1830 da yake lissafa alamomin mai shanyewar ɓarin jiki, bayan karkacewar baki da sarƙewar magana da dalalar miyau, ya saka harda bushewar bayan gida. Kusan shekara 200 kenan da suka rubuta abinda mu har yau muke jin nauyin faɗa a gaban likita.

To inda hikimar take a wajena shine basa ɗaukar duk ɗaurewar ciki a matsayin abu ɗaya. Sun raba gida biyu. Akwai na cikawa, mutum da sauran ƙarfinsa, jiki da zafi, baki na wari, harshe yayi rawaya, ciki yayi tauri in an danna yaji zafi. Wannan shi suke baiwa mai ƙarfi irin haɗin da ake kira Da Cheng Qi Tang, wanda a cikinsa akwai wata saiwa mai suna da huang da wani gishiri, duka masu sa zawo, kuma ƙa'idarsu da zarar ciki ya buɗe a tsaya, ba abin sha kullum bane. Sai kuma na rashi, wato tsoho ko wanda jinya ta cinye, bashi da ƙarfin turawa ko kuma hanjin ya bushe. Wannan in ka bashi mai ƙarfi ka ƙara kwashe ɗan abinda ya rage masa. Baba a nan yake, mu kuma muka bashi na wancan.

Akwai wani misali nasu da ya zauna min a rai. Likitansu Wu Jutong da yayi rubutu a 1798 ya kira hanyar magance bushewar hanji da suna ƙara ruwa domin jirgi ya tafi. Duk wanda ya taɓa ganin kwale-kwale a kogin Haɗeja da rani ya san abinda ake nufi, in ruwa ya janye jirgi ya zauna akan yashi ko ƙarti goma ka tara suna turawa sai dai katakon ya tsage, amma bari ruwa ya dawo yaro ma zai tura shi da gora. Haka hanjin tsoho yake. Shiyasa ga irin su Baba suka fi karkata ga abubuwa masu maiƙo da laushi. Shahararren haɗinsu anan shine Ma Zi Ren Wan, wanda ya fito daga Zhang Zhongjing tun wajen shekara ta 200 miladiyya, abu 6 ne a ciki ake murzawa da zuma, kuma masu bincike a Hong Kong sun gwada shi akan masu taurin bayan gida sun ga yafi maganin bogi, wato wanda babu komai na magani a cikinsa, da aka kwatanta shi dashi. Amma fa a lura da abu biyu, harda shi akwai saiwar da huang ɗin nan a ciki, sannan babban sinadarinsa 'ya'yan wani tsiro ne dangin wiwi wanda su suke nomawa dan mai da zare. Kar wani matashi ya karanta wannan yaje ya nemo 'ya'yan wiwi yace zai haɗawa kakansa, ba haka abin yake ba kuma doka bazata saurari wannan bayanin ba.

Wani abu da ya taɓa min zuciya, cikin abubuwan da suke amfani dasu dan laushin hanji akwai jue ming zi, da na ga hoton nace wannan ai 'ya'yan tafasa ne. Tafasar da take fitowa a bakin hanya da bayan gari, wadda matanmu da yaranmu suke bi suna sussukewa da kaka ana auna musu a kwano da ɗan abinda bai taka kara ya karya ba, a tara a kai Dawanau a loda a kwantena a tafi da ita Chana. Can sai su soya ta sama-sama su jiƙa kamar shayi. Haka riɗi, su baƙin suka fi so, suna lissafa shi cikin masu jiƙa hanji, gashi mu nan Jigawa riɗi sai dai mu sayar. Wato kayan suna tashi daga gonarmu su zaga duniya su dawo a kwali mai hoto mu saya da tsada bamu ma san me aka ƙara a ciki ba. Ban ce a je a dinga ɗurawa majinyaci 'ya'yan tafasa ba fa, su ma suna ɗauke da irin sinadarin dake cikin filasko sai dai bai kai shi ƙarfi ba, kuma irin wannan sinadari in aka daɗe ana sha yana zubar da ruwan jiki da gishirin fotasiyam wanda zuciya take buƙata, musamman ga wanda dama yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ganyen tafasa dai da muka saba kwaɗantawa, da zogale da rama da miyar kuɓewa da lalo, waɗannan abinci ne kuma su muka komawa.

Sai maganar allura, akufanca. Mutane da yawa sun ganta a Facebook suna tambaya. Guraben da suka fi sokawa dan ciki sanannu ne, akwai Tianshu a gefen cibiya dama da hagu kamar faɗin yatsu uku, akwai Zusanli ƙasan gwiwa da faɗin yatsu huɗu ta wajen ƙwauri, da wasu. A 2016 an wallafa wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 15 na ƙasar Sin da mutum 1,075, aka yi musu zama 28 cikin sati 8 da allura mai ɗan lantarki. Wajen kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka yiwa ta gaske sun kai ga zagawa sau uku ko fiye a sati, a ɓangaren da aka yiwa ta bogi kuwa kashi 12 ne. Kaga akwai amfani amma ba kowa ya dace ba, sannan waɗannan ba masu shanyewar jiki bane, masu daɗaɗɗen taurin bayan gida ne kawai. Gwaje-gwajen da aka yi akan masu shanyewar jiki su kansu yawancinsu ƙanana ne. Kuma mu a ƙauye ina muka ga ƙwararren da zai yi mana zama 28? Abinda nake tsoro shine gobe wani ya sayo allurai a intanet ya buɗe shago. Majinyacin nan ɓarin jikinsa baya jin zafi balle yace wayyo, yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ga ciwon hanta da ake ɗauka ta allurar da ba a tsaftace ba. Ko ƙaho da muka gada ni yanzu bana bari a yiwa Baba sai likita ya sani.

Maganar asfirin ɗin nan ma ya kamata a tsaya akanta. Yawancin haɗe-haɗen Chana na shanyewar jiki suna ɗauke da itatuwan da suke cewa masu motsa jini, irin su dan shen da dang gui, kuma an san waɗannan suna iya ƙara ƙarfin maganin tsinka jini irin warfarin har mutum ya fara zubar jini. Akwai gan cao, saiwa mai zaƙi da suke sakawa a haɗi da yawa, tana tada hawan jini in aka yawaita. Akwai ma huang da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayarwa a matsayin ƙarin abinci a 2004 saboda an alaƙanta shi da bugun zuciya da shi kansa wannan ciwon na shanyewar jiki. To kwalin da duk rubutunsa da Sinanci ne, babu lambar NAFDAC, mai sayarwa shi kansa bai iya karantawa ba, ta yaya zaka san wanne ne a ciki? Ni ba ƙin maganin Chana nake ba wallahi, maganin zazzaɓin cizon sauron da yake ceton yaranmu yau daga wani ganyensu aka samo shi, har matar da ta jagoranci aikin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma wancan an auna an gwada an san adadin da za a sha. Haka zancen yake ga jar kanwa da wasu suke jiƙawa majinyaci, gishiri ce, mai hawan jini ba abokiyar tafiyarsa bace.

Abinda na ɗauka daga wajensu wanda bai ci min ko sisi ba shine tausar ciki, suna cikin abinda suke kira tuina. Ɗan kawun nawa ya nuna min ta bidiyo. Majinyaci ya kwanta rigingine a ɗan tada gwiwoyinsa da matashi, ka shafa man riɗi ko man gyaɗa a tafin hannu ka murza yayi ɗumi, ka fara daga mara ta dama ka hau sama zuwa ƙasan haƙarƙari, ka tsallaka zuwa hagu, ka gangaro ƙasa, yadda hannun agogo yake tafiya, saboda haka babban hanji yake a kwance. A hankali ba danna ƙarfi ba, kamar minti 10, kuma ba daga gama cin abinci ba. Ranar farko Baba ya kau da kai yaƙi kallona, nace Baba kayi haƙuri, kai ka wanke ni ina ƙarami. Bai ce komai ba amma ya bar hannuna.

Sai dai gaskiya tausa kaɗai bata buɗe cikin ba a wancan karon, dan abin ya riga ya daskare. Har ya fara fitar da wani ruwa-ruwa yana ɓata zani muka ɗauka gudawa ce, saura kaɗan mu sayo maganin tsayar da gudawa a kemis, ashe ruwa ne kawai yake zagayowa ta gefen abinda ya toshe. Da mun bashi da mun ƙara ɗaure shi. Sai da muka kaishi asibiti wani ma'aikacin jinya, Allah ya saka masa da alheri, ya sa safar hannu ya taimaka masa, likita ya rubuta laktulos na sha da wani na matsawa ta ƙasa. Likitan ya kuma faɗa mana cewa duk ranar da muka ga ciki ya kumbura ga amai ga ko tusa bata fita, ko muka ga jini, kar mu tsaya tausa ko jiƙo mu taho kawai ko tsakar dare ne.

Daga nan muka canja tsarin gidan gaba ɗaya. Kafinta ya huda mana kujerar katako muka sa bokiti a ƙasa muka kewaye da zana a bayan ɗakinsa, saboda zama a miƙe yafi kwanciya akan fo nesa ba kusa ba, muka sa masa ɗan turmi yana ɗora ƙafa. Kullum bayan karin safe da kamar rabin awa sai mu zaunar dashi ko yace baya ji, dan lokacin ne hanji yafi motsi, sannan kowa ya bar wajen, ni kaɗai nake tsayawa daga bayan zana inda zan ji in ya kira. Wannan barin wajen ba ƙaramin aiki yayi ba. Inna ta daina surfa geron kununsa tas, tana barin dusa, tana dama kunun tsamiya da ɗan kauri saboda mai kauri baya ƙware shi kamar tsurar ruwa, kuma sai an tada shi zaune sosai kafin a bashi, kaɗan-kaɗan yini guda. Gwanda in an samu, riɗi a daka a zuba a miya. Zuma kam mun rage saboda sukarinsa yana ɗan hawa. Da yamma mu kama shi ni da ƙanina ya taka daga ɗaki zuwa gindin darbejiya.

Roƙona Malam Edita guda biyu ne zuwa uku. Ma'aikatan lafiya dan girman Allah ranar sallamar mai wannan ciwo ku ware ko minti biyar ku yiwa 'yan jinya maganar bayan gida da Hausa ƙarara, ku tambayi majinyacin shi kaɗai ba a gaban surukai da jikoki ba, dan dattijon ƙauye bazai taɓa fara ɗago zancen da kansa ba. Hukumomin da abin ya shafa kuma su dinga leƙa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, ba birni kaɗai ba, masu lasifikar nan sun san inda basa haɗuwa da kowa shiyasa suke zuwa mana. Sannan ku 'yan jarida kuna da shafin lafiya, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa da likitan gashi da wanda ya karanci maganin Chana na gaskiya a jami'a su zauna su yi mana bayani, in da hali a sa a rediyo ma saboda su Inna basa karanta jarida. 'Ya'yanmu da suka yi karatu a can suna nan da yawa, a neme su.

Baba yanzu wata 10 kenan, hannun bai dawo ba amma yana takawa da sanda, yana zagawa kusan duk bayan kwana biyu ba tare da nishi ba, laktulos ɗin ma sai jefi-jefi in likita yace. Ragowar kwalin shayin yana nan na ajiye a saman kwaba ban zubar ba, duk wanda yazo dubiya ya fara bamu labarin wani sabon maganin Chana sai in ɗauko in nuna masa in bashi labarin daren nan. Makon jiya ma wata gwaggonmu daga wajen Sule Tankarkar tazo da irinsa a jaka zata kaiwa mijinta da yake kwance, na zaunar da ita na nuna mata tausar akan cikin jikanta. Masu karatu dan Allah a saka Baba a addu'a da sauran marasa lafiya.

Naku,
Wani malamin firamare daga yankin Gumel, jihar Jigawa.